Intanet da talabijin cikin mota mai ɗaki a hanyoyin jihar Damagaram

Ɗan Zango mai sayen bisashe ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sadarwa da ta wutar sola. Sana'ata sayen bisashe ce, ina bin kasuwannin mako daga Bakin Birji zuwa Tanut da Belbeji, wani lokaci in karkata gabas zuwa Gidigir da Gure, idan kaya sun haɗu kuma in gangara kudu wajen Matamai da Magarya. Saboda yawan kwanan hanya, na sa masu walda da kafintoci a nan Damagaram sun cire kujerun wata tsohuwar bas, sun kafa mini gado da akwatunan ajiya da ƴar kusurwar dafa shayi, har ta zama ɗaki mai tafiya wanda ni da yaron mota muke kwana a ciki.

Damuwata ita ce sadarwa. Cinikin yanzu ya koma kan waya, domin mai saye yana Yamai ko Kano, yana son ya ga hoton rago da ɗan gajeren bidiyonsa yana tafiya kafin ya turo kuɗi, kuma shi kansa kuɗin ta manhajar waya yake zuwa. Idan na kwana a wurin da rezo, wato siginar waya, ba ya kamawa, ciniki yakan wuce ni, iyali ma su kwana ba su ji muryata ba. Bayan wannan, ina son in riƙa ganin labaran Télé Sahel, talabijin na ƙasa, da dare, da gasar kokowa ta neman takobi idan lokacinta ya zo, da wasannin ƙwallo na Afirka. Wasu sun ce in sayi Starlink, na'urar intanet ta tauraron ɗan Adam, in huta da komai, wasu sun ce farantin parabol da layin waya sun isa. A motar akwai batir guda na amfiya 100 ban da na inji, da allon sola guda a kan rufi, da ƙaramin firji da fanka. Me ya kamata in fara saye, kuma yaya ake haɗa kayan don su jure zafi da ƙura da girgizar hanya? Allah Ya saka da alheri.

Mai gyaran na'urorin sadarwa daga Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka kashe kuɗi mai yawa, ina ganin ya dace ka fara da abin da yake kusa, wato rezon wayar salula, domin mafi yawan kasuwannin da ka lissafa suna bakin babbar hanya ne ko kusa da ita, kuma turakun sadarwa suna bin manyan hanyoyi da garuruwan da jama'a suka taru. Hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa da Damagaram ta wuce Gure zuwa Difa, da wadda ta haura Tanut zuwa Agadas, a kansu ne aka fi samun rezo, sai dai yana tsinkewa tsakanin gari da gari, kuma da zarar ka saki kwalta ka shiga yashi sai ya fara raguwa.

Kamfanoni huɗu ne ke aiki a ƙasar nan ta Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms. Babu wanda ya rufe ko'ina a cikinsu, kuma wanda ya fi ƙarfi a wannan gari ba lalle ne ya fi ƙarfi a na gaba ba. Saboda haka ka riƙe layi aƙalla na kamfanoni biyu, kowanne da rajista da sunanka, sa'an nan ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta wanda ya kama a kowace kasuwa da daidai inda ka tsaya. Kafin shekara ta zagayo za ka ga littafin nan ya fi kowace taswira amfani a gare ka, tunda kasuwanninka ba sa canzawa.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne jikin motar kansa. Bas akwatin ƙarfe ce, ƙarfe kuma yana tare igiyar rediyo, shi ya sa waya takan nuna sanda ɗaya a ciki, a fita waje ta nuna uku. Maganin wannan shi ne ka sayi na'urar wifi ta 4G wadda ake saka mata layi, amma ka tabbata tana da ramukan ɗaura eriyar waje, kuma ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba. Eriyar a ɗora ta kan sandar ƙarfe mai ninkewa ta mita uku ko huɗu, wadda za ka ɗaga idan ka tsaya ka sauke idan za ka tashi. A ƙasarmu mai shimfiɗe, tsawon mita huɗu yakan zama bambancin samu da rashi, saboda abin da ke tsakaninka da turken sau da yawa tudun yashi ne ko duwatsu irin waɗanda suka kewaye Damagaram. Eriya iri biyu ce. Akwai mai kamawa ta kowace fuska, wadda ba ta buƙatar saiti amma ba ta ji daga nesa sosai, akwai kuma mai fuskantar wuri guda, wadda sai ka juya ta wajen garin da turken yake amma ta fi jawo rezo daga nesa. Ga mai kwana a bayan gari, ta biyun ta fi. A ɗaura mata wayoyi biyu idan na'urar tana da rami biyu, kuma kada wayar ta yi tsawo fiye da buƙata, domin kowace mita tana cin wani abu daga ƙarfin da eriyar ta kamo.

Wajen saiti, kada ka dogara da sandunan da ke fuskar na'ura. Ka shiga shafinta ta wayarka, za ka ga wani adadi da ake kira RSRP. Idan yana wajen -80 zuwa -90, rezo yana da kyau, idan ya kai -110 ya yi rauni ƙwarai. Ka riƙa juya sandar eriyar a hankali, kana dakatawa kaɗan bayan kowane juyi, har ka samu inda adadin ya fi kyau, sa'an nan ka ɗaure. Ka kuma sani cewa ranar kasuwa dubban wayoyi ne ke hawa turke guda, don haka ko rezo ya cika, intanet yakan yi nauyi daga hantsi zuwa la'asar. Bidiyon ragunanka ka tura shi da asuba ko bayan isha'i, zai tafi cikin sauƙi.

Game da Magarya da Matamai, idan ka matsa kusa da iyaka, waya takan kama turken Najeriya da kanta, kuɗin da ke layinka kuma ya tafi a farashin mai yawo a ƙasar waje. Ka kashe zaɓin rezo na kai tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Mai kafa parabol daga Garin Malam ya amsa:

Sallama gare ku. Alhaji, bayanin da Malam ya yi a kan rezo ya wadatar, ni a kan talabijin zan tsaya, tunda aikina ke nan. Shawarata ita ce ka raba talabijin da intanet, kada ka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Kallon bidiyo ta intanet yana cin kusan giga ɗaya a awa idan hoton matsakaici ne, idan mai tsabta sosai ne yakan kai giga uku. Kokowar takobi kwanaki ake yi ana kallonta safe da yamma, kuma idan ka bi ta da layin waya, kuɗin da za ka kashe zai fi na faranti da dikoda, akwatin da ke kai tashoshi daga faranti zuwa talabijin, ga shi hoton zai riƙa tsayawa daidai lokacin da ake shirin kaye. Farantin parabol kuwa ba ruwansa da turke, abin da yake so kawai sararin sama da saiti mai kyau, ko kana tsakiyar Damargu.

Taurarin ɗan Adam da ke kawo talabijin suna can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganinsu kamar a tsaye suke wuri guda. Tashoshin Canal+ na Afirka, waɗanda Télé Sahel take cikinsu, suna saukowa daga tauraron SES-4 da ke digiri 22 yamma. Daga yankin Damagaram, wannan tauraron yana yamma ne da ɗan karkata kudu, ɗagawarsa daga ƙasa kusan digiri 50. Ga wata dabara da nake koya wa yarana, wadda za ta yi maka amfani tunda kowane dare kana sabon wuri: a yankinmu, idan ka tsaya ka ba alƙibla baya, inda fuskarka take kallo ya yi kusa ƙwarai da inda tauraron yake. Ka fara daga nan, sa'an nan ka riƙa matsar da farantin kaɗan-kaɗan hagu ko dama, yaron mota yana duba ma'aunin sigina a fuskar talabijin yana faɗa maka. Masu son tashoshin Larabawa na kyauta sukan nufi Nilesat da ke digiri 7 yamma, wanda ya fi ɗagawa sama kuma ya fi karkata kudu, amma shi yana son faranti babba, babban faranti kuwa wahala ne a mota.

Kada ka yarda a kafe maka farantin a kan rufin bas. Iskar tafiya za ta lanƙwasa shi, girgizar hanya ta kwance kusoshinsa, reshen ƙaya kuma ya fizge ƙahon da ke gabansa. Ka sa mai walda ya yi maka ƙafa uku mai ninkewa, ka riƙa ajiye farantin cikin mota a naɗe da tsohon bargo, idan ka sauka ka kafa shi a ƙasa ka danne ƙafafun da buhun yashi. Ranar da ka samu saiti mai kyau, ka ɗauki fenti ka yi alama a kan ƙarfen ɗagawa, domin tsakanin Magarya da Tanut da Gure bambancin ɗagawar ƴan digiri ne kawai, kusan juyi hagu da dama ne zai rage maka. Ka kuma tabbata sandar da ke riƙe da farantin tana tsaye cak ba ta jirkice ba, in ba haka ba alamar ba za ta yi aiki ba. Da hannu ya saba, minti goma sun isa.

Akwai faranti mai murfi da ake sayarwa a Turai, wanda ke neman tauraro da kansa. Ba na ba ka shawarar sa, saboda yawancinsu an tsara su ne don taurarin can, suna da tsada, kuma idan ƙura ta shiga injinsa samun kayan gyara zai yi wuya. Da damina kuma ka sa a ranka cewa hadari mai nauyi yana ɗauke hoto na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ce, yana wucewa hoton zai dawo. Amma idan ana walƙiya, ka cire wayar farantin daga dikoda, ka kuma sauke sandar eriyar da Malam ya ambata.

Hajiya mai aikin lafiya a karkara ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina girmama abin da malaman nan biyu suka faɗa, amma ina ganin akwai wurin da shawarar farko ba ta kai ba. Alhaji ya ambaci Belbeji, kuma duk mai sayen bisashe ya san cewa ba a kasuwa kaɗai ake ciniki ba, wani lokaci sai an bi makiyaya har mashaya da bakin rijiya. Aikinmu yana kai mu irin waɗannan wurare a arewacin Tanut da wajen Tasker, kuma a can eriya komai tsawonta ba ta da abin da za ta kamo, tunda babu turken da za ta fuskanta. A irin wannan wuri tauraron ɗan Adam ne kaɗai mafita.

Starlink ya fara aiki bisa izini a Nijar a shekarar 2025, a Najeriya kuwa tun 2023. Taurarinsa ba irin na talabijin ba ne, suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, suna da yawa kuma suna wucewa da sauri, na'urar ce ke bin su da kanta ba tare da an juya ta ba. Kusancin nan ne ya sa kiran bidiyo yake tafiya ba tare da jinkirin da aka sani a tsohon intanet na tauraro ba. Ga mota, ƙaramin samfurin da ake kira Mini ya fi dacewa, domin nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba, wifi yana cikin jikinsa, kuma yana cin wat 25 zuwa 40, alhali babban samfurin yana cin 75 zuwa 100. Wajen yin rajista, Alhaji ya nemi tsarin masu yawo, domin tsarin gida an ɗaure shi ne ga adireshi guda.

Abu biyu na gani da idona waɗanda nake son ya kiyaye. Na farko shi ne inuwa. Duk direba idan ya isa wuri da rana, gindin gawo ko aduwa yake nema, ita kuwa na'urar nan sarari take so fayau, reshe ɗaya ma yana sa kira ya riƙa yankewa. Abin da muke yi shi ne a bar mota a inuwa, a ja wayar na'urar a kai ta fili a ɗora kan kujera ko akwati, kada awaki su taka ta. Na biyu shi ne zafi. An yi ta ne ta yi aiki har zuwa digiri 50, amma a watan Afrilu da Mayu, idan aka shimfiɗa ta kan rufin ƙarfe ko kan yashi da tsakar rana, zafin wurin yakan wuce haka, sai ta rage gudu ko ta kashe kanta. A ɗaga ta daga ƙasa yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinta.

Ina kuma roƙon Alhaji ya saye ta ta hanyar da hukuma ta amince, ya riƙe rasit da takardun rajista tare da takardun mota, domin hanyar arewa tana da shingayen bincike, kuma mai takarda a hannu ba ya daɗewa a shinge. Duk da haka ban ce ya yar da layin waya ba. Kuɗin Starlink na wata-wata ne, kuma saƙon tabbatar da shigar kuɗi sau da yawa ta layin waya yake zuwa.

Ɗan Zango mai sayen bisashe ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malamai da Hajiya, Allah Ya ƙara sani. Na fahimci cewa zan fara da na'urar wifi da eriya da farantin parabol, Starlink kuma ya biyo baya kafin kakar sayen ragunan layya, lokacin da nake shiga daji sosai. Abin da ya rage mini shi ne wuta. Shin batir ɗin da nake da shi da allon sola guda za su ɗauki wannan kaya duka?

Mai haɗa sola daga Birni ya amsa:

Ranka ya daɗe, ba za su ɗauka ba, kuma gara a yi lissafin tun yanzu kafin a sayi kaya. Batir na amfiya 100 a kan bolt 12 yana riƙe da wat-awa 1,200, wato wutar da na'ura mai cin wat ɗaya za ta sha a awa 1,200, amma idan irin na dalma ne, rabin wannan kawai ya kamata a sha, in ana wuce haka kullum ba zai yi ƙarko ba, balle a zafin ƙasarmu. Ke nan abin da kake da shi a hannu 600 ne.

Yanzu mu duba abin da za ka ɗora masa. Ƙaramin talabijin da dikoda suna cin kamar wat 45, awa huɗu na kallo ya zama 180. Na'urar wifi wat 8 ce, idan ta yi awa goma sha biyu a kunne ta ci kusan 100. Starlink Mini a kan wat 35 na awa shida ya ci 210. Waɗannan kaɗai sun kusa 500, ba a sa fanka da cajin wayoyi ba, ba a kuma sa firji ba, wanda da bazara shi kaɗai yana iya cin abin da ya kai wannan. Saboda haka buƙatarka ta yini za ta kai 1,000 zuwa 1,200. Ko dai ka ƙara batir na dalma ya zama amfiya 200, ko ka koma na lithium irin LiFePO4, wanda ake iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya riƙe, ga shi bai kai rabin nauyin na dalma ba. Yana da tsada a farko, amma ga mai kwana a mota kullum shi nake zaɓa, da sharaɗin a ajiye shi ƙarƙashin gado inda iska ke shiga, nesa da inji.

Allon sola kuwa, ka nemi abin da ya kai wat 300 gaba ɗaya. Rana ba ta yi mana rowa ba a nan, amma zafi yana rage ƙarfin allo, waya da na'urar caji ma suna cin nasu, don haka wat 300 zai ba ka wajen 1,100 a yini mai kyau. Da hunturu hazo yana rage hasken, ƙura kuma tana kwanta a kan gilashin, sai ka sa yaron mota ya riƙa share shi kowace safiya da tsumma mai laushi. Ka tuna kuma da maganar Hajiya a kan inuwa, domin allon da ke kan rufi ba ya caji a gindin itace. Ya kamata ɗaya daga cikin allunan ya zama mai ɗaukuwa, da wayarsa mai tsawo da kauri, a kai shi rana a bar mota a inuwa. Tunda kuma kana tafiya kusan kullum, a haɗa batir ɗin ɗaki da injin mota ta na'urar da ke cajinsa idan inji yana aiki, ta raba su idan an kashe, don kada kallon dare ya shanye batir ɗin tayar da mota ka wayi gari a daji ba ta tashi ba.

Ka yi ƙoƙari kayan su zama masu aiki da bolt 12 kai tsaye. Akwai talabijin irin wannan, yawancin dikoda da na'urorin wifi ma bolt 12 suke sha ta ƴar cajarsu, kuma duk abin da ka bi da shi ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, kana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a banza. Shi Starlink Mini yana karɓar wutar batir, amma idan wayar ta yi tsawo bolt 12 yakan faɗi kafin ya isa, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi, don haka a sa masa ƴar na'urar da ke ɗaga wutar zuwa bolt 24 ko sama da haka kaɗan. Kowace waya da ta fito daga batir a sa mata fiyus kusa da kan batir ɗin, inda kuma waya ta ratsa ƙarfen mota a sa mata roba, saboda girgiza tana sa ƙarfe ya ci bawon waya a hankali har wuta ta tashi, ku kuwa a ciki kuke kwana. Idan za ka zo a duba motar, ka taho da talabijin ɗin da firjin, a karanta abin da aka rubuta a bayansu a yi lissafin da ainihin adadinsu.